Gidan kwantena mai naɗewa: na kwana a ciki bazara da damina, ga gaskiyar abin da na gani

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya san bidiyon nan, tirela ta sauke wani akwatin ƙarfe, mutum huɗu ko biyar su ja gefe da gefe, kafin ka ankara ya zama gida da falo da ɗaki biyu da banɗaki, sai a rubuto a ƙasa wai dala kaza kawai, an gama da matsalar haya. To irinsa Yayana ya saya ya ajiye a gonarsa ta wajen Kura, kuma da yake ni nake kula da gonar ni na zauna a ciki, zafi da ruwa da sanyi duk sun same ni a nan. Ba zan kama sunan wanda ya sayar mana ba, wani dila ne a Abuja da yake shigo da su daga Chaina, kuma irinsu suna da yawa, kayan ma kusan duk ɗaya ne, tambarin ne kawai kowa da nasa.

Namu mai ƙafa 20 ne, irin wanda ake buɗe masa fukafukai biyu. In yana naɗe tsawonsa wajen mita 6 ne, faɗinsa bai kai mita biyu da rabi ba, in an buɗe shi sai ya ba ka kusan murabba'in mita 37. Ƙashin jikinsa ƙarfe ne, bangon kuma kwano ne ciki da waje an cusa soso a tsakiya, kaurin milimita 50. Ƙasan allo ne aka shimfiɗa masa leda. Ya zo da tagogin almini, da ƙofa, da wayarin, da masai na zama, da shaya, da ɗan sink na kicin. Ranar da aka kawo shi kam sai da mutanen ƙauyen suka taru kallo, don kafin la'asar an buɗe an ɗaure notika, har mun yi sallar magariba a falon. Wannan ɓangaren ba ƙarya a ciki, saurin gaske ne. Ba birkila da zai ce maka yashi ya ƙare, ba lebura da zai ɓace da buhun siminti, ba ka da ciwon kan kafinta da ya karɓi kuɗin katako ya kashe waya. Wanda ya taɓa yin gini ya san wannan kaɗai ba ƙaramin hutu ba ne.

Amma fa maganar arha, a nan ne zan daɗe, don a nan ake yaudarar mutane. Farashin da kake gani a Alibaba ko a bidiyo, dala 1,500 ko 2,000, yawanci na ƙaramin ne mai ɗaki ɗaya wanda ba banɗaki ba komai, kuma farashinsa ne a bakin masana'anta ko a tashar jirgin ruwa can Chaina, wani lokacin ma sai ka sayi da yawa za a ba ka a haka. Mai fukafukan nan ya ninka wannan. Daga nan sai kuɗin jirgi zuwa Apapa ko Tin Can ko Onne, sai Form M, wato takardar shigo da kaya, da sauran takardu, sai kwastam, sai ejan mai kiliya, in aka samu jinkiri kuɗin ajiya yana ta hawa kullum, sai tirela daga Legas zuwa Arewa da tsadar dizal ɗin nan. Shi ya sa Yaya ya ce gara ya saya a hannun dila ya huta, to shi ma dilan ai duk ya zuba waɗannan a kai ya ƙara ribarsa. Kuma komai da dala ake lissafawa. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Yi lissafi da kanka, dala 2,000 a kan 1,500 naira miliyan 3 ke nan, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024, wato sai ma'aikaci ya tara albashinsa kaf na sama da shekara uku da rabi bai ci ba bai sha ba, sannan ya sayi ɗan ƙaramin, kuma yana can Chaina bai taso ba. To wane talaka ake nufi?

Sannan akwai abubuwan da bidiyo ba ya nunawa kwata-kwata. Ba a iska gidan zai zauna ba, sai ka yi masa fandisho ko aƙalla ginshiƙan kankare masu daidaito, in ƙasa ta karkace ko kaɗan fukafukan ba za su haɗe ba, ƙofa ma ba za ta rufu ba. Sai ka ɗauko motar ƙugiya, wato kiren, ta sauke shi, kuma mai kiren in ya ji sunan ƙauye sai ya ninka kuɗi. Banɗakin nan mai ƙyalli bututu ne kawai ya leƙo waje, kai za ka haƙa sokawe, kai za ka kawo ruwa, ko bohol ko tanki a sama. Wuta kai za ka nemo, ko Nepa ko sola. Mu dai da muka gama tattara rasit, abin da aka kashe a kewayen gidan ya ɗauki kaso mai tsoka ƙwarai, har Yaya ya daina faɗa wa mutane jimillar. Kuma mu muna da fili. Wanda ba shi da fuloti fa? A Kano ko Kaduna ko Abuja ai filin ne babban bala'in, ba bangon ba. Wanda yake haya a Kurna ko Rigasa ba rashin bango ne ya hana shi mallakar gida ba, rashin wurin da zai tsayar da bangon ne.

Bari in zo kan zafi. Dilan ya rantse mana sosan da ke cikin bango yana tare zafi, kuma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, ya fi kwantenar kaya zalla wadda ake yanka wa taga a mayar shago nesa ba kusa ba. Amma a watan Afrilu da zafin Kano yake haura digiri 40, daga azahar zuwa bayan la'asar wallahi ba ka iya zama a ciki in ba esi. Rufin a shafe yake kuma gajere, musamman ta wajen fukafukan, mutum dogo in ya ɗaga hannu zai taɓa silin, don haka fankar sama ma ba ta yiwuwa sai dai ta bango ko ta tsaye. Ƙarfen da ke kusurwoyi kuwa shi ba soso a jikinsa, in ka dafa shi da rana sai ka janye hannu. Abu ɗaya da zan yaba, da zarar rana ta faɗi yana hucewa da wuri, ba kamar ɗakin bulo da kwano ba da yake riƙe zafi har tsakar dare. Sai dai wannan ɗin shi ne kuma matsalarsa da hunturu, don da asuba sanyi yake shigowa kai tsaye, ga ƙura tana bi ta layin da fukafukan suka haɗu da uwar ɗakin, ka share da safe, da yamma ka rubuta sunanka a kan tebur.

Abin da ya cece mu shi ne rumfa. Wani mai walda a Kura ya kafa mana ƙarafa ya ɗora kwano a sama da gidan, ya bar tazara iska tana wucewa tsakanin rufin biyu, ya kuma fito da baki gaba da baya har muka samu inuwar shimfiɗa tabarma. Bambancin ba kaɗan ba ne, kuma a kan rumfar muka ɗora faifan sola. Duk wanda zai sayi gidan nan a Arewa ya sa kuɗin rumfa a lissafinsa tun farko, ba kwalliya ba ce, dole ce. Amma ka ga dai, ka sayi gidan da aka ce an gama komai, ga ka kana yi masa wani rufin.

Damina kuma nata salon daban. Kafin mu yi rumfar, ruwan farko mai iska ya nuna mana duk inda aka yi ha'inci, yoyo ta wajen maɗaurin fukafukan, ruwa yana bin bango yana taruwa a ƙarƙashin leda. Robar da aka liƙa a mahaɗar rana ta busar da ita ta tsattsage, silikon ɗin ma ya ɗaɗɗago. Na kira dilan ya ce zai turo yaransa, har yau suna hanya. Mu muka sayi silikon da gam muka bi layi-layi. Ƙarar ruwa a kan rufin kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Iskar farkon damina kuma ba ta wasa, in ba a ɗaure gidan da fandisho da ƙarfe ba za ka ji yana motsi, kuma tunda gidan ƙarfe ne a fili fetal, a yi masa atin mai kyau, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, saboda tsawa da kuma wutar da kan iya zuba a jikin bango. Tsatsa ta fara fitowa a ƙasan ginshiƙai da wuraren da aka huda aka ɗaura sukuru, sai da muka kankare muka sake fenti. Gara dai ba ta ga abin ci ba, wannan kam na ba shi maki.

Ƙananan abubuwa da suka ba ni haushi: soket ɗin da ya zo da su ba irin namu masu baki uku ba ne, sai da mai wayarin ya canza su duka, da ya buɗe kuma ya ce wayar ta yi siriri ba za ta ɗauki esi da hita ba, aka sake ja. Netwok yana raguwa a ciki, in kira mai muhimmanci ne sai na fito. Makullin ƙofar abin dariya ne. Tagogin ba bogilari, mu muka sa. Shi kansa bangon, duk mai almakashin yankan kwano zai iya buɗe masa ƙofa ta baya, don haka ban ba kowa shawarar ya ajiye kuɗi ko kaya masu tsada a ciki ya yi tafiya ba. Banɗakin kuma an yi shi ne don mutanen da ba sa zubar da ruwa a ƙasa. Mu masu buta da alwala sau biyar, ƙasan ba shi da gangaren kirki, ruwa yana kwanciya, a hankali allon bakin ƙofar ya fara laushi yana lotsawa in ka taka. Daga baya waje na gina ɗan wurin alwala da bulo.

Sai maganar gobara, wannan kar a yi wasa da ita. Soso iri-iri ne. Akwai farin nan mai ƙwaya-ƙwaya irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali, shi ne mafi arha kuma shi ne a namu, yana narkewa ya ci wuta da baƙin hayaƙi. Akwai wanda ake yi da zaren dutse, shi ba ya kamawa, ya fi nauyi ya fi tsada. In za ka saya ka ce a nuna maka yankin bangon ka gani da idonka, kar ka yarda da baki, kuma in da hali ka nemi mai kaurin milimita 75 ko 100. Ni dai na hana a kunna gawayi ko risho a ciki, gas ma a waje muke ajiye tukunyar.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi ganin shi ne asalin matsalar. Wanda ya zana gidan nan bai san yadda muke zama ba. Gidan Bahaushe ba ɗakuna ba ne kawai, katanga ce da zaure da tsakar gida. A tsakar gida ake girki da itace, a nan ake daka, a nan ake wanki da shanya, a nan yara suke wasa, a nan ake kwana da bazara, awaki da kaji suna gefe. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Shi kuwa wannan, ƙofa ɗaya ce ta buɗe kai tsaye cikin falo, tagogi manya ta ko'ina, bangon tsakanin ɗakuna ko tari ka yi na can ya ji. Da matar Yaya ta zo gani da yara, zagaye ɗaya ta yi ta ce to Yaya ina zan kafa murhu, a ina zan yi shanya? Ba wanda ya ba ta amsa. Kafin iyali su zauna sai ka kewaye shi da katanga ka yi soro da madafa, kuma in ka yi wannan ai ka riga ka yi rabin ginin da kake gudu. Ko ƙusa ba ka iya bugawa a bango ka rataye agogo yadda ka ga dama.

Kuma talakanmu ba a rana ɗaya yake gina gida ba. Bana ya sayi fili, baɗi ya buga bulo ɗari biyu ya jibge, in ya ɗauki adashi ya yi fandisho, in ya sayar da amfanin gona ya kai linta, ya rufa ɗaki ɗaya ya tare, sauran a hankali har yara su girma. Ko da siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 mutane ba su daina ba, rage gudu kawai suka yi. Gidan kwantena kuwa kuɗinsa a dunƙule yake so, yau-yau. Ba a sayen rabinsa. Banki ma takardar fili yake kallo, rancen gidaje na NHF da ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 na albashi dominsa shi ma sai da takardun mallaka da tsarin gini da hukuma ta amince. Kuma kar ka ɗauka don ana iya ɗauke shi ba ruwanka da izini, a cikin gari ka je ka tambayi hukumar tsara birni, KNUPDA in a Kano kake, ko KASUPDA a Kaduna, kafin ka ajiye, don in aka ɗauke shi a matsayin ginin wucin gadi ranar da aka tashi rusau ba mai saurarenka. Ga kuma gado, ginin bulo ko na ƙasa in an kula da shi jikoki ma sa ci moriyarsa, wannan kuwa darajarsa sauka take kamar mota, filin da ke ƙarƙashinsa ne kawai yake tashi.

Da na bi labarin inda irin waɗannan gidaje suka yi amfani a duniya, sai na ga kusan duk wurin gaggawa ne, kuma wani ne yake biya ba mai zama a ciki ba. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta Fabrairun 2023 an kafa garuruwan kwantena, Qatar ma ta yi alkawarin tura ɗakuna 10,000, ciki har da waɗanda 'yan kallon gasar cin kofin duniya ta 2022 suka kwana a ciki. Akwai ɗakin wucin gadi mai suna Better Shelter da gidauniyar IKEA da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da shi, murabba'in mita 17.5, a kwali yake zuwa mutum huɗu su haɗa shi a yini guda, amma su da kansu shekara uku suka ƙiyasta masa, kuma a ƙarshen 2015 birnin Zurich ya fasa amfani da waɗanda ya saya saboda fargabar gobara. Ƙungiyar TECHO da ta faro a Chile a 1997 tana yi wa mazauna unguwannin marasa galihu ɗakin katako mai murabba'in mita 18, su ma matakin farko suke kiransa, ba gidan dindindin ba. Inda aka bar na wucin gadi ya zama na zama kuwa, a duba unguwar Blikkiesdorp a wajen Cape Town ta Afirka ta Kudu, an kafa ɗakunan kwano a 2007 da sunan na ɗan lokaci, mutane suka shafe sama da shekara goma a ciki. Don haka in aka ce za a kai irinsu ga waɗanda ambaliyar Alau ta raba da gidajensu a Maiduguri a Satumbar 2024, ko sansanin 'yan gudun hijira, ni mai goyon baya ne, ya fi tanti sau nawa. Amma a ce shi ne maganin tsadar gida, a'a.

Abin ma da ya fi ba ni takaici, muna da namu da ya dace da zafinmu mun raina shi. A Yamai akwai gidajen Niamey 2000 da Mariam Kamara da abokan aikinta suka zana, aka gama a 2016, da bulon ƙasa da aka matse a inji aka gina su, suna da tsakar gida da sirri irin yadda muka saba. A Burkina Faso da Mali an daɗe ana ginin ƙasa mai rufin baka wanda ba katako ba kwano. Kayan aikin yana ƙarƙashin ƙafarmu, ba ruwansa da dala, kuɗin aikin kuma a aljihun maginin unguwa zai zauna. Ɗakin ƙasa na mai gadinmu da ke gefen gonar, da azahar can nake gudu in fake, shi kuma yana mini dariya yana cewa Malam araha ba ta ado, ni kuwa in ce masa Baba wannan ai ko arahar babu.

To wa ya dace ya saya? Mai gona ko gidan kaji da yake son wurin kwana da ofis cikin gaggawa, ɗan kwangila da zai gama aiki ya ɗauke kayansa ya ƙara gaba, mai makaranta ko ƙaramin asibiti da yake buƙatar ƙarin ɗaki kafin a koma hutu, mai gida da katanga da ruwa da wuta da yake son ɗakin baƙi a bayan gida, ko wanda yake kan filin haya da ba zai so ya binne siminti a ciki ba. Ga waɗannan in daga biyar ne zan ba shi uku da rabi, da sharaɗin rumfa da soso mai kyau. A matsayin gidan iyali na mai ƙaramin ƙarfi kuwa ɗaya da rabi, shi ma don saurinsa ne.

In ka nace sai ka saya, ka je ka ga wanda ya shekara a ajiye a rana, ba sabon da ke wurin baje koli ba, kuma ka je da azahar. Ka leƙa ƙarƙashinsa ka duba tsatsa, ka taka ƙasan bakin banɗaki, ka tambayi kaurin ƙarfen ginshiƙai da ko an yi masa rigar hana tsatsa, ka sa a rubuta maka a takarda wa zai biya tirela da kiren da haɗawa, kuma kar ka cika kuɗi sai an watsa masa ruwa da tiyo a rufi kana tsaye a ciki. Yanzu haka Yaya yana maganar ƙaro ƙarami guda don ma'aikatan da suke zuwa lokacin girbin shinkafa, ni kuma na riga na yi magana da magini a kan ɗaki biyu na bulon ƙasa, muna jiran ya kawo lissafinsa mu ɗora a kan na dilan.